Barmon Rumbu da Barmon Sama

A ƙauyensu, can gefen fadamar Badagishiri, kowa ya san Barmo mai jakai. Dogo ne, mai ɗan gemu, ba ya son raha. Albasa yake ɗauka daga garake zuwa kasuwa, wani lokaci har Malbaza, ya komo da gishiri da kananzir. Ba ya cin amanar kaya, ba ya dukan jaki sai ta kama. Amma yana da wani hali da yara ma suka gane: in ƙarar jirgin sama ta taso, kowa ya ɗaga kai, shi sai ya duƙa yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

Abin ya samo asali tun yana yaro, zamanin Nasara. An ce kowane ƙauye ya ba da yara a kai su lakwal, makarantar boko, dogarin sarki ya zo daga Illela ya ambaci gidajen da abin ya faɗa wa, har da Barmo ɗan Abarshi. A lokacin, wanda ya shiga lakwal gani ake ya ɓace ke nan, ba gona ba allo. Abarshi kuwa ba shi da ɗa namiji sai Barmo. Amma a gidan akwai Lurwanu, sa'an Barmo, ɗan ƙanensa Mati da ya rasu. Ranar da dogari ya dawo kwasar yara, Abarshi ya cicciɓi Barmo ya zura shi cikin rumbu, ya mayar da murfi, ya kamo hannun Lurwanu ya ce, "Ga Barmo." Dogarin ya san komai, amma ya karɓi yaron ya wuce. Shi dai kai aka ce ya kawo.

Barmo ya wuni a rumbu yana tsintar gero yana taunawa, ya fito fari fat da ƙaiƙayi. Shekara da shekaru yana alfahari da wannan wuni. Shi aka ɓoye, shi ne ɗan so. In Lurwanu ya zo hutu da gajeren wandonsa, mata su yi ta tausaya masa, Barmo ya ba shi ragowar rake yana jin kansa babba. Don a bambance su, mutane suka riƙa cewa Barmon rumbu da Barmon lakwal. Daga baya na lakwal ya wuce Yamai, aka ce ya shiga soja, zuwa gida ya yanke.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, wata ranar kasuwa Barmo ya sayo wa tsohonsa tsire, mahauci ya naɗe masa a takardar jarida. Abarshi na ci a zaure, Mushe Hamani, malamin lakwal ɗin ƙauyen, ya shigo gaisuwa. Idonsa ya faɗa kan takardar, ya ɗauka ya kakkaɓe yaji. Hoto ne na wani tsohon jirgi mai farfela biyu, irin waɗanda suka yi yaƙin Jamus, da wani soja tsaye a gindin fiffike, hula a hammata. Mushe ya karanta rubutun da ke ƙasa, ya ɗago, ya sake karantawa. Matuƙin jirgin ne, sunansa Barmo Abarshi.

Idon Abarshi ya riga ya yi rauni. Ya miƙa wa ɗansa takardar.

"Barmo, duba mani. Shi na?"

Kallo ɗaya Barmo ya yi ya gane. Ga wushiryar nan, ga kunnen hagu mai gatsa, inda jakin gidansu ya taɓa cizo suna yara.

"Man tsire ya ɓata hoton, Baba. Ba a gane kowa."

"Duba kunne," in ji tsoho.

Barmo ya daɗe yana duban kunnen da ya riga ya gani. "Shi na," ya ce, ya fita bai taɓa tsiren ba.

Daga ranar gidan ya sauya. Barmo da kansa aka aika Ƙonni ya sa wa hoton gilashi, ya rungumo shi bisa jaki yana cika yana batsewa. Aka rataye shi a zaure, tabon mai da komai. Barmon lakwal ya koma Barmon sama. Na rumbu kuwa yana nan na rumbu, sai dai yanzu in an faɗa da murmushi ake faɗa. Baƙo ba ya zama sai Abarshi ya nuna bango da sanda ya ce, "Ɗana na, Barmo. Shi ka tuƙa jirgi." In baƙon ya waiwayi mai kawo ruwa, tsoho ya ce, "Wanga ma nawa na, mai jakai."

Kishi ya ci Barmo, ba kaɗan ba. Ba rigar sojan ta dame shi ba, ba ma jirgin ba. Sunansa ne ke yawo a sama, shi yana bin bayan jaki, kuma bakin da ya ce a ɓoye shi, shi ne yau ke yabon wanda aka bayar.

"Kujerag ga da yaka zama, tawa ta," ya ce wa matarsa Delu. "Ni anka kira. Sunana na."

Delu na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai da ka jin jiri in ka hau rumbu? Bari dai, Allah ya san abin da yay yi."

Ya figi igiya ya fice wurin jakansa.

Mai jirgin bai taɓa zuwa ba. Sau ɗaya ya aiko da bargo da sukari ta hannun wani direba. Sukari ya ƙare, bargo kuwa ya zama abin nunawa, ko ana zafi yana kafaɗar Abarshi. Geron da Barmo ke nomawa, da furar da ake dama wa tsoho kullum, ba wanda ya taɓa nuna wa baƙo su.

Shekarar yunwa ta zo. Rumbun nan da ya ɓoye shi ya zama wayam, Barmo ya sayar da jakansa ɗaya bayan ɗaya don kada tukunya ta kife. Jirage suka riƙa wucewa arewa da hatsin agaji, kowanne ya gifta sai Abarshi ya ɗaga sanda ya ce, "Ga ɗana can, shina kai ma mutane abinci." Yana faɗa yana riƙe da ƙwaryar kunun da aka sayo da jakin Barmo na ƙarshe.

A ƙarshen wannan shekara jandarma ya zo da labari. Matuƙin ya rasu a Yamai, an riga an yi jana'iza. Ba jirgi ba ne, zazzaɓi ne irin na kowa. Ranar sadakar bakwai ƙofar gida ta cika maƙil, har da sojoji a mota. Waɗansu fataken albasa daga Malbaza sun ji a rediyo sun zaci mai jakai ne, da suka gan shi yana shimfiɗa tabarmi suka ce, "Au, ashe ba kai ba na," suka wuce wurin hoton da aka jingine a bango suna leƙe.

Liman Inusa baƙo ne a ƙauyen, bai san tsohon zance ba. Kafin ya ɗaga hannu ya tambayi sunan mamaci da na ubansa.

"Barmo ɗan Abarshi," in ji tsoho.

Barmo bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Barmo ɗan Abarshi bai mutu ba. Ga ni nan tsaye." Ya nuna hoton. "Wanga Lurwanu na, ɗan Mati. Jakinmu yac cije mai kunne, ina wurin. A yi mai addu'a da sunan ubanai."

Sojojin suka dubi juna, ba su taɓa jin sunan ba. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai, wani ya ce, "Mati, i, Mati mai raƙumi ja." Kishi ne ya tayar da Barmo, shi ma ya sani, sunansa yake so a mayar masa da ubansa. Amma duk taron nan shi kaɗai ya riƙe sunan da aka raɗa wa mutumin, da shi kuma liman ya yi addu'a.

Abarshi bai ɗaga hannu ba. Leɓensa kawai ke motsi. "Lurwanu," ya ce. "Wallahi na mance. Na ba da ɗan Mati, har sunanai na ci." Sai ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar da jandarma ya zo.

Barmo ya zaci ya karɓi abinsa. An daina cewa na rumbu, Barmo ɗaya ya rage a ƙauyen. Amma tsoho ya kwanta daga nan, hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa, kuma suna ɗaya ne ya rage masa a baki. Safe da yamma Lurwanu, yana ba shi haƙuri, yana tambaya ko an ba shi abinci a lakwal.

Wata safiya Barmo ya shiga da fura. Ya tallafo kan ubansa, ya kai ludayi bakinsa. Tsoho ya laluba ya kama wuyan hannunsa ya riƙe gam.

"Lurwanu? Ka zo?"

Barmo ya dubi hoton da aka mayar bango, ya dubi ludayin da ke hannunsa. Delu na bakin ƙofa tana jiran ta ji abin da zai ce.

"Na'am, Baba," ya ce. "Na zo. Sha."