Saƙon Da Ba Shi Da Mai Karɓa

Assalamu alaikum Edita. Yau ni dattijo ne mai jikoki, amma a tsakiyar shekarun casa'in saurayi ne ni, ina aiki a wani shagon yadudduka a kasuwar Dira, a Riyadh. Kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar, Balarabe ne mai sauƙin kai, daga Indiya yake shigo da kaya. Mu biyu ne a shagon, ni da wani Ba'indiye mabiyin addinin Hindu, kuma ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Suwaidi. Shi ba ya cin naman shanu, ni ba na iya barkononsa, amma tukunyar shinkafarmu ɗaya ce. In na tayar da salla yakan kashe rediyonsa ba tare da na roƙe shi ba.

Wata rana ana tsananin zafi, muna sauke kaya daga mota, ya dafe ƙirji ya zauna a kan dila. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Gawarsa ta daɗe a ajiye ana kai-kawo da takardu, har daga ƙarshe ƙaninsa ya amince ta wayar tarho a binne shi a maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, a wani gari mai nisa. Ban samu zuwa ba, domin a lokacin baƙo ba ya fita gari sai da takardar kafili, nawa kuwa ya yi tafiya.

Da shekara ta kewayo, kafilin ya tafi da ni Bombay sayen kaya, sai na ɗauki akwatin marigayin. Bayan mun gama na roƙi izini, na hau jirgin ƙasa zuwa kudu, garinsu. Ƙaninsa, malamin makaranta ne mai jin Turanci, ya tarye ni a tasha. Tun kafin mu isa gida ya faɗa mini cewa mahaifiyarsu ba ta san ɗanta ya mutu ba. Ya ce tana da ciwon zuciya, sun ji tsoro, sai suka ce mata aiki ne ya yi masa yawa. Ita kuwa tun da kaset ɗin muryarsa ya daina zuwa, ta yi alwashi kullum za ta hau dutse ba takalmi, zuwa tsohon ɗakin bautar abar bautarsu da suke kira Uwa, har ranar da zai dawo. Ya roƙe ni in ce mata yana lafiya. Na ce ba zan iya ƙarya a kan mamaci ba. Ya ce dai tana can saman dutsen, kuma ta ce a kai mata abokin ɗanta.

A gindin dutsen muka cire takalma. Matakalar ta dutse ce, ƙafafun mutane sun cinye ta har ta yi santsi, ga zafi kamar tanda. Mata da maza suna hawa ɗauke da kwakwa da furanni, wasu da zakaru a hammata. A sama iska ta cika da ƙamshin turare da ƙaurin man fitila da ƙarnin jini, ƙararrawa ba ta yin shiru. A bakin ƙofar waje na tsaya. Ni ba ibada ta kai ni ba, su ma ba sa barin wanda ba nasu ba ya wuce nan. Daga inda nake ina hango mutum-mutumin can cikin duhu, na baƙin dutse, mai hannuwa da yawa, an shafe masa goshi da jan gari.

Sai ga ta ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin zane, kanta fari fat, duga-duganta duk sun tsage. Ta miƙa hannu ta shafa fuskata kamar ta daɗe da sanina. Ta yi tambaya, ƙanin ya fassara, wai ko ɗanta yana cin abinci sosai. Na daure na ce da Turanci, “Mama, ɗanki ya rasu. A hannuna ya cika.” Ƙanin ko ƙifta ido bai yi ba, ya juya ya yi mata dogon bayani da yarensu. Ina jira ta faɗi ƙasa, sai na ga ta yi dariya, ta ɗaga hannuwa tana godiya wajen ƙofar. Nan na gane ba abin da na faɗa ya fassara mata ba. Ta koma ciki da sauri, ta dawo da ƙunshin ganyen ayaba ɗaure da zare, da shinkafa mai zaƙi a ciki wadda aka sa wa albarka irin tasu. Ta danƙa mini, wai in sa wa ɗanta a hannu da kaina, in ce ya zo kafin bikinsu na baɗi.

Na san ko ba yare zan iya nuna mata da hannu. Na dubi ƙanin, yana tsaye a bayanta, hawaye na zuba, ya haɗe tafukansa yana roƙona. Na karɓi ƙunshin na sauko.

Har Riyadh na zo da shi. Ba zan iya ci ba, na kuma kasa jefa shi a shara, kabarin mai shi kuwa ban san inda yake ba. Na ajiye shi a kan gadonsa har ya yi funfuna, sannan wata Juma'a bayan salla na fita bakin kwarin Hanifa, ta wajen Dir'iyya, na tona rami na binne shi. Bayan wasu watanni ƙanin ya bugo waya shago. Ya ce da damina tsohuwar ta zame a kan matakalar, tana hawa, ta buga kai. A can ta cika. Ya ce da ya faɗa mata gaskiya, da ta yi kuka ta zauna a gida.

Har yau ban san ko labarin zai kashe ta ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da na gani da idona shi ne, ɓoyon bai tsirar da ita ba, ya dai hana ta yin makokin ɗanta. Don haka 'yan'uwana da ke ƙasashen mutane, da ku da ke gida, idan mutuwa ta zo ku nemi lafazi mai taushi, ku zauna kusa da tsofaffi ku riƙe musu hannu, amma ku faɗa musu. Kuma kada kowa ya yarda a aike shi da saƙo wajen mamaci. Ni na karɓa, na binne shi a ƙasa, amma har gobe nauyinsa yana hannuna.