Gautar Inna a Cikin Ɓawon Kwakwa

Wasu shekaru can baya, ina aiki a wani mashtal, wato gidan rainon shuke-shuke, a gefen unguwar Sulay can ƙasar Larabawa, tare da wani abokina mutumin Maradi. A lokacin ne mai wurin ya daina sayo baƙar ƙasar da muka saba da ita, ya koma kawo garin ɓawon kwakwa. Abu ne kamar dusa, ka zuba ruwa ya zurare ta ƙasa, ya tafi da takin.

Abokin nan nawa yana da ƙullin irin gauta da mahaifiyarsa ta ba shi ranar da zai taho. Bayan ta rasu, ruwan sama ya rushe ɗakin da take ajiye iri, sai ya zama babu sauran irin gautarta ko'ina sai wanda ke jakarsa. Ƙanwarsa ta yi ta kiran waya: "Yaya, ka shuka mana. Ko ɗaya ce ta nuna, ka aiko da irin."

Ya juye ƙullin kaf a tukwane bayan ɗakinmu. Suka fito kore shar, daga baya ganye ya fara zama ruwan ɗorawa.

"Yunwa ce," in ji shi. "A gida sau ɗaya ake jibga taki kafin damina, ƙasa ta riƙe abinta."

Ya haɗa takin ruwa mai kauri ya kwarara musu. Ni kuwa ɗan birni, ina tsaye ina gyaɗa kai kamar wani masani, alhali gauta da yalo ma sai an nuna min.

Ba a jima ba bakin ganye ya ƙone. Muhandis ɗinmu, wato injiniyan gona, wani Bamisire, ya tona da yatsa ya ɗago saiwa, ta yi baƙi. Ya ce, "Shuwayya shuwayya, ya sadik, a hankali, aboki. Wannan ba ƙasa ba ce. Taki tsararo ake ba shi, kaɗan kaɗan, duk ban-ruwa. Ga kuma gishirin ruwan garin nan." Muka yi ta wanke tukwanen da ruwan sha, amma ina, an makara.

Duk sanda ƙanwar ta kira sai ya ce, "Tana nan tana girma." In ya ajiye wayar ba ya kallona.

Da igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare zai koma gida, na raka shi kasuwar Batha wajen masu kayan miya. Ya ɗauki gauta, da niyyar ya cire irin ya kai mata a matsayin na Inna. Ya gatsa, ya tauna, ya biya, ya bar sauran a tire.

"Za ta gane," ya ce. "Ta Inna ba ta da ɗaci haka."

Yanzu hannuna ya faɗa, furannina cike suke a gidajen garin nan. Amma har yau in na tsaya sirka taki raina ɓaci yake, don abin da ya rage mu sani bai wuce ƙarin ruwa ba. Tsumman da aka ƙulle irin a ciki kawai ya kai gida.