Ƙullin Karyar Ruwa

A Gadarif na girma, inda ƙasa baƙa ce, in rani ya yi ta tsattsage har ƙafar yaro ta faɗa ciki. Ba mu da kogi. Amma dabbar da na fi sani a yarintata ita ce karen ruwa, wanda ban taɓa sa shi a ido ba. Aikin kakata ne.

Shekarar da mahaifina ya rasu, Innata ta hau lori tare da masu yankan riɗi zuwa manyan gonakin Fashaga, waɗanda tarakta ke nomewa amma sai hannun mutum ke girbewa. Abinci za ta riƙa dafa musu. Ta bar ni wurin uwarta, ta ce da an gama yanka za ta dawo. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Da na ji rurin mota a hanya sai in zabura in fita, ko cikin barci ne. Wata rana a bakin tasha maƙwabta suka tsinto ni, ba ko takalmi.

Daga ranar kakata, wadda nake kira Habboba, ta shiga ɗaure ni. In mun ci tuwo mun zauna gaban kanun, murhunta na gawayi, sai ta kama bakin zaninta ta ƙulla a wuyan hannuna.

"Sake ni, Habboba! Ni akuya ce?"

"Akuya ai ta fi ki hankali, ita ta san hanyar gida. Zauna, ya bitti, 'yata, ki ji yadda karyar ruwa ke yi da 'yarta."

A bakin kogi wajen Shuwak kakata ta taso, babanta masunci ne, ta ce can ta ga karnukan ruwa suna sulu a kan taɓo kamar yaran da ba a kwaɓa. Karyar ruwan tatsuniyarta tana da rami a gaɓar kogi, ƙofarsa a ƙarƙashin ruwa. 'Yarta kuwa matsoraciya ce, sai an kama ƙeyarta an ja take shiga ruwa. Ana nan kifi ya ƙare a kusa, ya zama dole uwar ta yi nisa. 'Yar ta sa kuka sai ta bi ta. Uwar ta kwantar da ita rigingine a kan ruwa, ta naɗe ta da ciyawa mai saiwa a ƙasa, ta ce, "Ruwa zai ja ki, tsuntsaye za su yi fito irin nawa. Kar ki kwance. In kin tafi nemana, ni in na dawo ina zan same ki?" Haka 'yar ta zauna tana lilo, kowane fito ta ji sai ta ɗaga kai.

Nan kakata ke katse labarin, ta ɗauki tsinke tana tonon toka, ni kuma in tambaye ta.

"Ta dawo?"

"Wutar ta mutu. Kalas, sai bukra."

Kullum haka, sai bukra, wato gobe. Na ji haushinta matuƙa, na ɗauka rowar labari ce irin ta tsofaffi.

Aka gama yanka, lorori suka dawo. Wata mata ta yi sallama a gidanmu riƙe da tukunyar Innata da mayafinta, ta ce zazzaɓi ne, a can aka binne ta. Ranar ba a yi tatsuniya ba. Kakata ta kama hannuna ta yi ƙulli biyu, muka zauna har gawayin ya zama toka.

Bayan na girma na ga a talabijin cewa a wani teku mai sanyi akwai karnukan ruwa da ke naɗe 'ya'yansu da ciyawa da gaske. Na yi dariya ni kaɗai, don tsohuwar nan ko a mafarki ba ta ga teku ba. Dariyar ba ta daɗe ba. Sai a lokacin na tuna cewa zanin nan baki biyu gare shi, ɗaya a hannuna, ɗaya a ƙugunta. Ni uwata nake jira, ita 'yarta. Ba ta hana ni ƙarshen labarin don rowa ba, ita ma ba ta san shi ba.

Da tsufa ya ci ƙarfinta, hankalinta ya fara gushewa, sai ta koma irin halina na da. Da ta ji lori ta miƙe ta nufi ƙofa, wai za ta taryo baƙuwa. Na gaji da bin ta unguwa unguwa. Wani yammaci na zaunar da ita gaban kanun, na kama bakin zanina na ƙulla a hannunta, wanda ya rame kamar karan dawa. Ta daɗe tana kallon ƙullin, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ta dawo?"

Na ɗauki tsinke na tona tokar. Na ce, "Wutar ta mutu, Habboba. Sai bukra."