Nana Orsing da Randarta Inang

Shekara arba'in da uku ke nan Nana Orsing tana fita da sassafe ta je ta shuri itatuwa. Ba agogo take bi ba, teku take bi. Ruwa na janyewa za ta kifa malafa, ta shiga kwale-kwalen Tata Tibo, ya sauke ta a kurmin sasa, tukurwar nan tamu ta cikin taɓo. Duk sasar da ta yi 'ya'ya, sai ta lanƙwaso wuyan da ke ɗauke da su, ta murje shi da tafin ƙafa, ta shure shi, ta wuce na gaba. A ƙa'idarta, sai wuya ya sha shuri kwana arba'in kafin a sare kansa, a rataya masa bututun gora, ya fara ɗigo. Abin da ya taru ta juye a randunan ƙasa, ya kwana ya tashi har ya zama ruwan khal, ruwan tsamin nan da duk ɗan garinmu Paombong ya girma yana tsoma soyayyen kifi a ciki.

Kwamitin bikin waliyyin gari ne ya ba ni shafi biyu a ɗan littafin bana, wai in kawo labarin mai sana'ar da ya yi nasara, don a zaburar da matasa. Sun ko zaɓi gwani. Ni Yoyong na yi kiwon agwagi, suka bi ambaliya ba ko sallama. Na buɗe shagon tace ruwan sha a layin da ke da guda uku. Daga nan na lallaɓa na zama akawu a ofishin gari har na yi ritaya. Nasara dai na san ta, irin sanin da mai gadi ya yi wa motar maigida.

Nana ta fara da randa guda, gadon uwar mijinta, randar da take kira Inang, wato uwa. Miji ya rasu ya bar mata yara uku. Daga wannan randa ta kai sittin, da ma'aikata tara, da motar da ke kai kwalabe Manila duk Talata.

Tata Tibo ya ba ni labarin ranar da ya tsallako da wani dillali mai jarkar sinadari.

"Nana, wannan ai kashe kai ne," in ji dillalin. "Cokali uku a durom ɗin ruwan famfo, kafin rana ta karya kin sami khal."

"To, sha mu gani."

"A'a, ai ba a shan sa haka."

"Abin da ba ka iya sha, shi zan ba 'ya'yan mutane? Tibo, mayar da shi bakin titi. In ya dame ka da surutu a hanya, ga kogi nan."

Maƙwabta da dama suka karɓi jarkar, suka gina benaye. Ita ta ci gaba da shuri.

Nana, ke ce uwar tsami, mai ƙafar da itace ke jin maganarta. Ke ce kika shiga taɓo har cinya don kada 'ya'yanki su taka shi, kuma Allah ya amsa miki fiye da yadda kika roƙa: babu wanda ya taka. 'Yarki Marilou na aikin jinya a Kanada, ɗaya na kan jirgin ruwa, autan yana Dubai. Suna aiko miki da maganin gwiwa da hotunan jikoki. Nasarar ce ta cinye magada.

Ma'aikatan tara, tsufa ya ɗauki wasu, aikin gini a birni ya ɗauki saura. Ruwa kuma yana ta hawa. Sau uku ana ɗaga titinmu, har gidana ya koma kamar rijiya mai taga. Sasa na son ruwa mai ɗan gishiri, amma ba ta son teku zalla, ga ganyenta sun fara ja tun daga bakin gaɓa.

Bana gwiwar ta ƙi. Likita ya ce shuri ya ƙare. A lokacin ne wani mai kiwon kifi ya matsa yana son kurmin, ya tumɓuke sasar ya haƙa tafki. Nana ta ce ya jira ƙarshen kaka. Domin ita, a wurinta, tsamin tsohuwar randa a jikin yumɓunta yake, kuma in ta shekara ba ta sha sabon ruwa ba, ta mutu. In Inang ta cika bana, ba za ta sayar ba. In ba ta cika ba, shi ke nan.

Aka rasa mai shuri. Sai ga ni.

Wuya talatin ta ware mini. Tana zaune a kwale-kwale da sandarta, ni ina cikin taɓo da tumbina.

"Yoyong, shuri na ce, ba gaisuwa ba."

Na ƙara ƙarfi.

"Kai! Ƙwallo ka samu? Yoyong, ƙafar nan taka ta riga ka yin ritaya."

"Ƙyale shi, Orsing," in ji Tata Tibo. "Mutumin da agwagi suka guje wa, kya zata itace zai saurare shi?"

"Ina jin ku fa, Tata."

"Don ka ji na faɗa."

A kwana na ashirin da shida aka kai ta asibiti duba gwiwa. Ni kuwa shekara talatin ina akawu, na san yadda ake rage wa aiki kwanaki. Na ce arba'in ɗin nan camfin tsofaffi ne, na sare wuya biyar, na rataya gora, na koma gida ina jin kaina. Kwana uku, ko ɗigo. Da ta dawo ta dubi gorunan, ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo.

"Ka yanka su kafin su yarda da kai," kawai ta ce.

Sauran ashirin da biyar na shure su har arba'in, ban tsallake rana ba, ko Lahadi sai na je kafin coci. Ranar sara, da hannunta ta riƙe wuƙar. Guda bakwai ne suka yi ɗigo, duk a ɗan tudun da ke can ciki, nesa da gaɓa. Sauran sun bushe kamar nawa biyar ɗin. Mako uku muna tarawa, ruwan bai kai rubu'in Inang ba.

Na ce, "Nana, ƙafata ce. Ki faɗa kawai."

Ta juya ta kalli inda teku ke shigowa.

"Ba kai ba ne. Saiwoyin sun sha teku. Da ma a ce kai ne, Yoyong. Kai ana iya zagin ka ka gyaru."

Ta sa hannu a takardar sayar da kurmin ranar Juma'ar da ta wuce. Motar haƙa za ta shigo bayan biki. Randuna hamsin da tara wani gidan abinci a birni ya kwashe, za a shuka furanni a ciki. Tudun nan mai sasa bakwai, mai kifin ya ce ba ya so, ya yi masa tsayi. Inang kuwa, da ɗan ruwan da ke cikinta, ni aka ba. Ba don cancanta ba. Ni kaɗai na zo.

Mun gode, Nana Orsing. Mun gode da kowane kifi da muka tsoma, da bakin da ba ki taɓa ƙona mana da sinadari ba. Ke kika riƙe naki, mu ne da teku muka saki.

Ku kuma matasa, ba zan ce muku akwai arziki a nan ba, ƙaryar ta yi girma ko a bakin akawu. Sasa bakwai ne da randa guda. Amma mai sanin yadda ake yi tana da rai, bakinta kuma lafiyarsa ƙalau. Kaka na juyowa, kwale-kwalen Tata Tibo na ɗaukar mutum huɗu. Ku zo ku koya tun tana iya nunawa da sanda. In ba wanda ya zo, zan je da ƙafar tawa.

Na tambaye ta shekara nawa bakwai ɗin za su yi kafin teku ya iso su. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a tumbin.

"Za su riga ka ko ka riga su," ta ce. "Je ka yi shuri."