Ɗankwalin da aka ɗaura mini a ido

A shekarata ta biyu a makarantar kiwon lafiya a Mubi na kusa tattara kayana in koma gona, kuma ɗankwali ne sanadi.

Karatunmu shi ne koya wa mutum komawa harkokinsa bayan ciwo ya taɓa shi. Mai shanyewar ɓarin jiki ya sake kai loma baki da kansa, wanda ya rasa ido ya san inda randa take. Malamarmu, wata dattijuwa da ba ta ɗaukar wargi, tana da ƙa'ida: sai an ɗaure wa ɗalibi ido da ɗankwali, abokin karatu ya ja shi, ya je ya zuba ruwa a kofi. Wanda bai yi ba, babu makin firaktikal, babu wucewa gaba.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Tun safe nake tsokanar maza, ina cewa su za su fara ɓarin ruwa. Aka zo kaina. Ƙawata ta ja ƙullin ta ƙeyata, ta kama wuyan hannuna. Shi ke nan! Numfashi ya ƙi fita. Na fizge ɗankwalin, na ture ta, na fice a guje ana ta dariya.

Ba su san ba yau aka fara ɗaure mini ido ba. Ina ƙarama, shekarar da 'yan bindiga suka shigo kowa ya gudu daga garin nan, mun bi bakin mayo, wato rafi, za mu hau dutse. Mama ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini ido, ta damƙi wuyan hannuna, ta ce in na kuskura na buɗe sai ta zane ni. Ban ga komai ba. Amma ai hanci a buɗe yake, kuma ƙafata ta taka abin da ba ƙasa ba.

A bayan aji Malama ta same ni, na cika fam, kunya da haushi sun haɗe mini. Na ce mata na bar karatun, a riƙe makin.

"'Yata, ba sai kin ba ni labari ba," ta ce. "Abu ɗaya nake tambaya. Duhun ne, ƙullin ne, ko riƙon?"

Wallahi ban taɓa sanin ana rarraba su ba. Na ce, "Ƙullin da riƙon."

Da mako ya zagayo ta sauya wa ajin duka ƙa'idar, ba ta ko kalli inda nake ba. Kowa ya dafe ƙyallen da hannunsa, ya sauke lokacin da ya ga dama. Kuma ba a jan mutum, shi zai riƙe gwiwar hannun mai yi masa jagora. Na yi. Rabin ruwan a tebur ya ƙare, amma na wuce.

Ran Asabar na hau bas zuwa gida, Gella. Na tarar da Mama tana ɓare gyaɗa, na ba ta labari, har da ɗan gorina, wai ita ta ja mini. Ba ta ɗago ba.

"Ke kin samu mai ɗaure miki," ta ce. "Ni da idona biyu na bi hanyar nan."