Baba Barthélemy da Motar Ungozoma

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1967, Allah ya yi wa Baba Barthélemy makaniki rasuwa a gidansa da ke bayan mishan a Dogon Dutsi, bayan jinyar wata biyu. A wurin zaman makoki na ji wani baƙo yana tambaya ko shi ne mai gyaran motar nan da aka manta ba a sa mata tankin ruwa ba. Da yawa daga cikinmu haka muka ɗauka, cewa kowace mota sai da ruwa take huce zafi. Ba mantuwa aka yi ba. Ƙaramar motar ungozomarmu, Madam Félicité, da iska take sanyaya: fanka ce a gaba take hura iska ta cikin siraran haƙarƙarin da ke jikin injin. Kai ka koya mana wannan, Baba, kuma ba a cikin aji ba.

Shekarar da muka sami mulkin kai, Baturen da ke kula da motocin mishan ya tafi gida, ya bar maka akwatin makullan kwance ƙusoshi da rumfar kwano. Aka yi ta cewa kafin damina biyu duk motocin za su zama akurkin kaji. Ba ka yi gardama da kowa ba. Ka dinga bin duk inda aka ce wata mota irin ta ungozoma ta mutu, har Doso, har ƙetaren iyaka, kana kwance abin da ke da sauran rai, ka wanke da kananzir, ka naɗe a tsumma. Kana da wata ɗabi'a da direbobi suka yi ta ƙorafi a kai: ba ka ɗaura sabon ƙarfe sai ka gane abin da ya kashe tsohon. Shi kuma tsohon ba ka yar da shi. Rataye shi kake yi a bangon rumfa, ka rubuta da alli sunan garin da ya lalace. Na sha kai ɗalibaina su karanta bangon nan. Lugu na nan, Tibiri na nan har sau uku.

Mafi girman ƙarfen da ke bangon an rubuta masa Dumega. Idi, direban motar ungozoma, shi ya jawo shi. Idi ɗan gidan makiyaya ne, mutum mai tausayi, wanda ya tashi yana shayar da dabba kafin shi ya sha. Wata bazara shi da Madam sun dawo daga karɓar haihuwa, motar ta yi zafi har tana wari, domin ƙaiƙayi da ƙarangiya sun toshe hanyar iska. Ya tsaya a bakin rijiyar Dumega, ya karɓi guga a hannun wata mata, ya kwara wa injin. Kan injin ya tsage nan take. Da shanu aka jawo motar har Dutsi.

A lokacin ofishin sufurefe, mai mulkin gundumarmu, ya ce sabon kan inji sai an aiko daga Faransa, wata huɗu ko biyar, saboda haka gara a kai motar Yamai, a sallami direban. Madam Félicité ta zo rumfarka da kanta ta zauna, domin ta san matan da ke da tsohon ciki a ƙauyuka bakwai ba za su jira jirgin ruwa ba. Ka roƙi kwana goma. Ka ciro wani kan inji da ka kwance daga wata mota da ta kife shekara biyu baya, ka zauna kana goga shi da garin dutsen wasa da mai, har ya zauna daram. Kuma ka ƙi yarda kowa ya riƙe maka makulli sai Idi.

Wasan da ke tsakanin Ba'are irinka da Bafillace irin Idi bai bar ku ba ko a ranar. Ka ce masa, “Kai Bafillace, wagga ba saniyar babanka ba ta. In ta ji ƙishi, inuwa take so da tsinken kaba a share mata hanci.”

Idi ya ce shi dai bai taɓa ganin abin da ke aiki yini guda bai sha ruwa ba sai motar nan da Ba'are mai rowa. Kuka yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa, domin ya san kai ka je ka tsaya masa a ofis. Rana ta tara motar ta tashi.

Da ciwo ya kama ka a farkon bana, maganar kai motar Yamai ta sake tasowa, tunda ba a san wanda zai riƙe ta bayanka ba. Lokacin sauke injin a yi masa babban gyara ma ya yi, kafin ruwa ya sauka hanyoyi su ɓaci. Sai ka sa aka shimfiɗa maka tabarma a rumfa, ka ce wa Idi ya kwance injin gaba ɗaya, ka kuwa tura hannuwanka cikin riga don kada su yi maka gardama su taɓa. In ya ɗauko abin da ba daidai ba, tari kawai kake yi. Ya ce ya kasa bambance tarin ciwo da tarin gyara. Ka ce to ya ɗauki duka biyun a kan gyara ne. Kun kai rabin haɗawa ƙarfinka ya ƙare.

Kwana uku bayan an binne ka, Idi ya koma rumfa shi kaɗai ya ƙarasa. Ranar Asabar, a gaban Madam Félicité da wakilin sufurefe, ya zura ƙarfen tayarwa ya murɗa. Sau biyu motar ta ƙi tashi. A na uku ta kama, muryarta tas. Wakilin ya naɗe takardar kai motar Yamai da ya zo da ita ya mayar aljihu. Da hantsi suka kama hanyar Ɗan Kassari, inda wata baiwar Allah mai suna Hasiya ta haifi tagwaye a hannun Madam.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Jeanne, da 'ya'yanka Lea da Norbert, da jama'ar coci, da Idi wanda ya yi rashin uba a sana'a. Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe kurakuranka, ya ba ka hutawa, ya ba iyalinka haƙuri.

Ku kuma 'yan makarantarmu, maza da mata, Inna Jeanne ta ce rumfar ba za a rufe ta ba. Akwai wani tsohon inji a kan tebur da ba na kowa ba. Ranar Alhamis ba karatu. Ku zo da tsofaffin tufafinku, kowa ya ɗauki makulli ya kwance ƙusa ɗaya da hannunsa, ya kuma mayar da ita inda ya same ta.