Rigar da Na Ɗinka wa Akwatin Inji

Bakura

Ana sallame asuba na goya akwatin a baya kamar jariri, na nufi tasha. Shi ne ke ba injin casar shinkafarmu wuta, mu matan unguwa da muka haɗa kai. Kwanan nan, rana na take tsaka sai ya kunna jar fitila, inji ya yi tsit. Ga shinkafa mun turara buhu-buhu, in ba a cashe ta kafin kasuwar Talata ba, mai sayenmu zai koma wani wuri. Ni ke kula da akwatin, ni aka aika.

A shingen sojoji wani ya leƙo motar. "Mama, yaron nan ba ya kuka?"

Na ce, "Ɗana, rashin kukan ne ya fito da mu."

Talata Mafara

Da hantsi muka sauka. Na sha kunu da ƙosai, na nemi shagon Malam Sani mai gyaran wuta. Na tuɓe wa akwatin rigarsa, na ninke, kada baƙin mai ya taɓa ta. Da hannuna na ɗinka ta, atamfa ce har da soso a ciki, saboda ƙurar ɓuntu. Malam Sani ya jona shi da wani inji, ya auna wayoyi ɗaya-ɗaya, ya bar shi yana aiki har azahar.

"Inna, wanga akwati ya fi ni lahiya."

Na yi godiya a baki. A zuci na ce yaro ne, bai iya ba.

Maradun

Na hau mashin zuwa wajen Alhaji Ummaru, wanda aka ce shi ya koya wa Sani aiki. Ya gwada, lafiya lau. Sai ya ce, "Hajiya, a gida yaya yake zama?"

Na zaro rigar ina murmushi, na sa masa, na ja zif. Na tsaya jiran yabo.

Alhaji ya buɗe zif ɗin, ya nuna mini ramukan shan iska da 'yar fanka a bayansa.

"Ke in an lulluɓe ki da bargo tsakar rana, kina iya daka?"

Gida

Kafin magariba na iso, mata na jira a ƙofar inji. Balki, shugabarmu, ta tare ni. "Mi anka ce ya lalace?"

Na ce, "Tela."

Washegari aka mayar da shi tsirara, inji ya wuni yana ruri, shinkafa ta kama kasuwa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Sani da na raina. Rigar kuwa tana jikin kular tuwona, inda ake son zafi ya zauna.